Ƙwallon Yaya Ƙayid Ta Tafi Yawo

Cleveland, 7 ga Yuli

Zuwa ga babban yayana Ƙayid, mai gidan da ba a dariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Takiyya da 'yan biyu. Mu ma lafiya lau. Baba yana ci yana sha, motarsa ce kawai take tari in mun hau gada.

Tunda ka ɗauki ɗabi'ar kife waya da zarar ka ji muryata, na koma ga alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san iyakar karatuna na allo ne, can ƙauye wurin Kaka a Yaman, kuma malaminmu ya fi ƙwarewa a bulala.

Kafin ka ci gaba, tashi ka je falo ka duba saman talabijin. Akwatin gilashin nan yana nan, ko? Matsa kusa. E, lemo ne a ciki. Kada ka yi wa Takiyya faɗa, shayi ta shiga dafa mini ranar da na zo sallama. Ƙwallonka tana aljihuna.

Yaya, kai ka jawo. Mutum ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaure ƙofar mota a kamfani, ya ajiye aiki, abu ɗaya tak ya roƙa, 'ya'yansa biyu su zagaya da shi filayen besbol biyar, ya kalli ƙwallon sanda kafin bazara ta wuce. Ka dubi idonsa ka ce kana da aiki. To shi bai ji ba. Tikiti uku ya saya jiya. Ni kuma ba na son ɓarna, sai na zaunar da ƙwallonka a kujera ta uku, na sa mata hular Baba. Baba ya ce, "Wannan ba ta Ƙayid ba ce?" Na ce kai ka ba da ita ta wakilce ka. Sau biyu na kama shi yana gyara mata zama.

Filin nan zai ɗauke garinmu Dearborn gaba ɗaya har da kamfanin, amma mu 'yan kallo ba mu fi masu zuwa sallar asuba ba. Iskar tafki ta kusa kashe mu a watan Yuli. Wani can sama yana ta dukan ganga shi kaɗai kamar ana biyansa. Baba ya fito da kwalbar yajinsa ya zuba wa gyaɗa, wani tsoho ɗan Poland kusa da mu ya ce a ɗanɗana masa, ya yi zagaye biyu na wasan yana hawaye yana yi mana godiya. Daga baya ya kai mu gidan cin abincin 'yar'uwarsa, aka kawo mana ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, an soya da albasa. Ƙwallonka ba ta ci ba, ta yi kama da kai wajen kunya.

Sharaɗina ɗaya ne. Asabar 26 ga wata muna Chicago, fili na ƙarshe. Ka zo ka zauna a kujerarka ka karɓe ta hannu da hannu. In kana son zagina kafin nan, aika ta shagon baffanmu Ammi Naji a Cincinnati.

Ka gaida kowa. Lemon na 'yan biyu ne, kada ya lalace.

Ƙaninka mai ladabi,
Hizam

*

Dearborn, 10 ga Yuli

Hizam,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Baba, ina yi masa fatan lafiya.

Wasiƙarka ta zo. Abin da ka yi sunansa sata. Ka shiga gidana, matata ta karrama ka, ka ɗauki abin da ba naka ba, sannan ka yi wa mahaifinmu ƙarya da sunana. Ban san wace sura aka koya maka wannan a cikinta ba.

Shekararka ashirin da uku. An kore ka daga gidan mai saboda ka sa wa manaja kwaɗo a aljihun tebur, an kore ka daga gidan burodi, kuma duk lokacin ni nake zuwa ba da haƙuri. Mutane suna dariya, su ce Hizam ke nan. Ni na daina dariya tun da daɗewa.

Wannan ƙwallo ba abin wasa ba ce. Sunayen da ke jikinta da biro aka rubuta, shekara tara ke nan, rana da gumi suna cinye su. Shi ya sa take cikin gilashi. Ka cire ta daga aljihunka, ka naɗe ta a tsumma mai tsabta, ka sa a kwali, ka aiko mini ta gidan waya ranar da wannan takarda ta same ka.

Ba zan zo Chicago ba. Baba ya san dalili, kai kuma ba huruminka ba ne.

Allurar sugansa safe da yamma ce, kafin abinci. Ta zauna cikin ƙanƙara, ba a gaban mota ba. Idan wani abu ya same shi a hannunka, kada ka sake tako titinmu.

Wassalam,
Ƙayid

*

Cincinnati, 15 ga Yuli

Zuwa ga Alƙali Ƙayid, Allah ya ƙara tsanani,

Sallama da gaisuwa. Ammi Naji ya miƙo mini takardarka da yatsa biyu, ya ce tana da zafi. Na karanta a tsaye, don girmamawa.

Maganar kwaɗo, ka manta ba ka faɗi cewa manajan ya hau kan tebur ba. A riƙa cika labari, Yaya.

Na naɗe ta a tsumma kamar yadda ka ce, rawanin Baba na Juma'a ne ma. Kwali ne ban samu ba. Duk Amurka babu kwali, abin mamaki.

A Pittsburgh mun hau ƙaramin jirgin nan da ake ja da igiya zuwa kan dutse, Baba ya rufe ido yana karanta Ayatul Kursiyyu tun daga ƙasa har sama. Da muka isa ya buɗe, ya ga kogunan da gadoji, ya ce, "Ashe garin yana da kyau in ba ka aiki a cikinsa." Mun ci burodi da kifi wanda suke cusa soyayyen dankali da kabeji a tsakiyarsa. Na tambayi matar ko faranti ne ya yi musu ƙaranci, ta ce in ci in ba mutane wuri.

A nan kuwa, wallahi mutanen garin nan sai addu'a. Taliya suke dafawa, su zuba mata miyar naman sa mai kirfa kamar shayin Kaka, su tula cuku har sai ka daina ganin wanda ke gabanka. Baba ya cinye nasa ya jawo nawa. Kada ka tashi hankalinka, an yi allura, tana cikin ƙanƙara tana shan sanyi fiye da mu. Filinsu ciyawar roba ce, zafi yana tashi daga cikinta kamar tanda, 'yan wasa suna ɗaga ƙafa kamar kaji.

Yanzu ga abin da zai ba ka haushi. Mai jifan ƙwallo na ƙungiyar baƙi jiya bahago ne, dogo, mai ɗaga gwiwa har haɓa. Baba ya ajiye fensirinsa na rubuta sakamako, ka san ba ya ajiye shi in ana wasa, ya ce, "Haka Ƙayid yake ɗaga ƙafa?" Tambayata yake yi, Yaya. Ni da nake ƙauye ina wanke allo lokacin da kake jifa. Na ce, "Baba, kai ba ka taɓa gani ba?" Ya ce in miƙo gyaɗa.

To wai me ya faru ne? Kowa a gidan nan ya sani sai ni. Umma ta tafi da nata sani kabari, kai ka sa naka a gilashi. Shekara takwas ina ƙasar nan ina kallonku kuna gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi shari'ar katanga.

Tikitinka na Chicago na saya. Benci ne na bayan katanga, cikin rana, inda mahaukatan suke. Daga nan muna masaukin Kogi a titin Gravois a St. Louis har 23 ga wata.

Ɗiyarka ta cikin rawani tana gaishe ka. Ta ɗan yi duhu, amma tafiya ce.

Naka har kullum, ko ba ka so,
Hizam

*

Dearborn, 18 ga Yuli

Hizam,

Salamu alaikum. A gaida Baba.

Tunda ka tambaya, zan faɗa maka sau ɗaya, don ka san abin da kake yawo da shi a rawani.

Wasan ƙarshe ne na makarantar sakandare. Na yi jifa tun daga farko har ƙarshe, babu mutum ɗaya da ya buga ya tsira. Wannan ce ƙwallon da na jefa ta ƙarshe. Yara goma sha huɗu suka sa hannu a kanta, biyu daga ciki sun rasu. Wani koci daga wata kwaleji a Ohio yana wurin, ya biyo ni har gida da takarda, karatu da wasa kyauta. Baba bai zo wasan ba. Ya bar mutumin a tsaye a bakin ƙofa, ya ce masa ɗansa yana da gurbi a kamfani ranar Litinin. Ranar Litinin na je. A shekara ta uku injin ya ja kafaɗata, yau ko 'yan biyu ba na iya jefa wa ƙwallo daga nan zuwa shinge.

Mutumin da yake cika littafi da sakamakon wasan 'ya'yan wasu, bai taɓa rubuta layi ɗaya na nawa ba. Yanzu yana so in zauna kusa da shi in ci gyaɗa. Ina kai shi asibiti, ina gyara masa rufi, zan yi masa biyayya har ranar da ɗayanmu zai mutu. Fili kuwa ba zan shiga da shi ba.

Abin da ya rage mini daga wancan yaron ke nan. Ban saba roƙo ba, kai ma ka sani. Ka dawo mini da ita.

Ƙayid

*

St. Louis, 22 ga Yuli

Yaya,

Sallama. Kati ne, wurin rubutu kaɗan ne, ka huta da surutuna.

Na karanta. Ban yi dariya ba, ka rubuta wannan a tarihi. Amma ba zan aiko ta ba. Maganar nan Baba ya kamata ka faɗa wa, ba ni ba, kuma benci yana da tsawo.

Hoton da ke baya dogon bakan ƙarfen garin nan ne. Mun hau samansa cikin wata 'yar tukunya mai mutum biyar, Baba ya ce kabari ma ya fi ta fili. Mun sha daskararriyar madarar da suke kifa kofinta a gabanka ba ta zuba. Na gwada da tawa bayan minti goma, wandona yana kan igiya.

Asabar, ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Tikitinka yana tagar karɓa da sunanka.

Hizam

*

Gary, Indiana, 27 ga Yuli

Yayana Ƙayid,

Assalamu alaikum. Baba lafiyarsa ƙalau, na fara da wannan don kada ka yi zaton wani abu. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Mun isa filin Chicago da wuri jiya. Baba ya tsaya a bakin tagar tikiti yana jiranka har aka gama taken ƙasa, yana duba duk wanda ya sauko daga jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi. Da ya gaji muka shiga. Na saya masa burodi da tsiren sa na garin, na ce a sa mini jan miyar tumatir a nawa, mai sayarwa ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Katangar duk ganye, mutane har kan rufin gidajen tsallaken titi. Ban zaunar da ƙwallonka a benci ba, cunkoso ya yi yawa, tana aljihuna.

A zagaye na shida wani ƙaton ɗan wasan baƙi ya kama ƙwallon wasa da tsakiyar sanda. Ka san ƙarar. Ta taso tana girma, kowa ya miƙe da hannu sama, ta daki bencin gabanmu, ta yi tsalle, ta faɗa cinyar Baba a kan littafinsa. Yana zaune, ko motsi bai yi ba. Shekara talatin yana zuwa fili bai taɓa taɓa ƙwallon wasa ba. Ya rufe ta da hannu biyu yana cewa "Mashallah, mashallah."

Ka san dokar benci a can. In baƙo ya buga ta tsallake katanga, ba a riƙewa, mayar musu ake yi cikin fili. Ni na sani, kai ka sani, Baba ma ya sani, amma sani daban, ƙwallo a cinya daban. Suka fara: "Mayar! Mayar! Mayar!" Mutum ɗari, sannan dubu. Wani jibgege ba riga, cikinsa ja kamar an fere shi, ya sunkuyo a kan Baba yana ihu, "Kai tsoho, kurma ne kai? Jefa ta!" Na ce, "Malam, ja tumbinka baya, ka tare mana rana." Ya ce, "Ɗan wa ye wannan?" Wani daga sama ya wurgo kofin giya, ya fashe a kafaɗar Baba, ya jiƙa littafin. Baba bai ɗago ba. Ya ƙara dunƙulewa a kanta kamar kaza a kan ƙwai, ya ce mini da Larabci, "Ko za su kashe ni."

Wata tsohuwa kusa da ni mai hular kwali ta ja hannuna ta ce, "Yaro, 'yan gari da ƙwallo biyu suke zuwa. Ta banza a aljihu, ita ake jefawa. Ba ku zo da ko ɗaya ba?"

Yaya, zan iya ce maka ruɗewa na yi. Na kwana ina shirya wannan ƙaryar, ta yi kyau ƙwarai, da ka yarda. Ban ruɗe ba. Na sa hannu a aljihu, na san abin da na taɓa. Na sunkuya kan Baba kamar ina ƙwace tasa, na miƙe na ɗaga taka sama, suka yi shewa, na jefa.

Ta faɗi a ciyawa ta gangara. Ɗan wasan da ke tsaron gefen ya ɗauka, ya juya ta a hannu, na ga ya tsaya yana duba rubutun. Na yi ta ihu ina ɗaga hannu, amma kowa ihu yake yi. Ya ɗaga kafaɗa, ya cilla ta cikin 'yan kallon can ɗaya ɓangaren. Jibgegen ya rungume ni ya ce ni ɗan halak ne.

Na zagaya can da gudu, aka hana ni shiga, tikitin benci ba ya kai mutum wurin. Bayan an tashi na tsaya a ƙofa ina tambayar duk mai fitowa, har wani ya miƙo mini kuɗi yana zaton bara nake yi. Na bar sunanka da adireshinka a ofis. Matar ta rubuta, amma na ga fuskarta.

Baba bai gane ba sai a mota. Yana ta murna yana cewa ina na samo ta biyu, sai ya ga rawaninsa a kan kujera ba komai a ciki. Ya ce in tsaya. Na tsaya a gefen titi. Ya mare ni, irin marin da ban sha ba tun na malam. Daga nan muka wuce Gary.

Na ɗauko ta don in jawo ka, na ƙi mayarwa da ka roƙa, na jefar da ita da hannuna. In aka mayar da ni wurin, da giya tana zuba a wuyan Baba, ban san ko zan yi dabam ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na sani ba.

Muna masaukin da ke kusa da tashar bas. Baba ya ce ba zai koma gida ba sai ya ji daga gare ka.

Ƙaninka,
Hizam

*

Gary, 28 ga Yuli

Bismillahi.

Daga Mus'id zuwa ga ɗansa Ƙayid. Aminci ya tabbata a gare ka, da iyalinka, da jikokina.

Wannan marar kunyar ne yake rubuta mini. Na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya tasa zan sani, don sai ya karanta mini sau biyu.

Abin da ya yi ya yi. Da na san abin da ke hannunsa da na ba su tawa. Ina jin da na ba su. Allah ne ya sani.

Ya karanta mini takardarka ta 18 ga wata, bayan na matsa masa. Babu ƙarya a cikinta. Abu ɗaya ne ba ka sani ba. Ranar wasanka ba ni da aiki. Na sa riga, na zo har bakin titin makarantar, ina jin ihun mutane. Na riga na karɓar maka gurbi a kamfani, ga kakarka da ƙaninka a ƙauye suna jiran abin da za mu aika, ga mahaifiyarka ba lafiya. Na san in na shiga na gan ka kana jifa, ba zan iya cewa a'a ba. Sai na juya na tafi gidan shayi.

Ban ce na yi daidai ba. Ban kuma saba irin wannan magana ba.

Ga ƙwallon nan a cikin kwali. Ita kaɗai na taɓa samu, kuma a kanta aka rasa taka. Ka sa ta a gilashin. Akwai wasa a Detroit Lahadi mai zuwa da rana, in kana so.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Mus'id

*

Dearborn, 31 ga Yuli

Baba,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Na karanta takardarka. Na gode da ka faɗa mini.

Ƙwallon ta iso, ga ta nan na mayar a kwalinta. Ban san wanda ya jefa ta ba, ban san wanda ya buga ta ba. Ta baƙo ce, Baba. Mutanen benci sun fi mu gaskiya.

Ranar Asabar da safe zan zo Gary in ɗauke ka, kana da ganin likita ranar Litinin. Lahadi ina da aiki.

Ka faɗa wa mai rubuta maka ya taho da motarka shi kaɗai. Kada in same shi a wurin.

Ɗanka mai biyayya,
Ƙayid